Fela Kuti: Wane Faifai Za A Fara Ji, Wane Littafi Za A Fara Karantawa?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin makarantar sakandare, wanda ya ce ya tashi a gidan da ba a jin kowa sai Shata da Ɗanƙwairo, yanzu kuma ɗalibansa sun cika masa kunne da waƙoƙin samarin Legas, waɗanda kusan kowannensu yake kiran Fela Kuti kakan sana'arsa. Ya ce ya taɓa kunna wata waƙar Fela a waya, ya yi kusan minti shida yana jiran a buɗe baki, bai ji komai ba sai kiɗa da busa, har ya gaji ya kashe. Yana so a faɗa masa faya-fayan da ya kamata ya fara da su, da littattafan da suka cancanci kuɗinsa a kan mutumin.

Malam, minti shidan nan da suka gundure ka su ne ƙofar shiga, kuma da su zan fara, domin wanda bai gane abin da ake yi a cikinsu ba, ko ya karanta littattafai goma, labarin rigimar Fela kawai zai sani, ba sana'arsa ba. A zamanin da Fela ya yi tashe, wato shekarun 1970, waƙa tana fitowa ne a kan babban faifan garmaho mai fuska biyu, shi kuma yakan cika fuska guda da waƙa ɗaya tak, wani lokaci ma waƙa ɗayan ce take cin fuskokin biyu, kiɗa zalla a fuskar farko, murya a ta biyu. Yakan gina waƙar ne kamar yadda magini yake ɗora tubali. Jita ɗaya za ta kama wani ɗan gajeren salo ta yi ta maimaita shi ba ta sauyawa, ta biyu ta shigo da nata salon a tsakanin gaɓoɓin na farko, sai jita mai kaurin murya ta kwanta a ƙarƙashinsu, ga shekere da 'yan sanduna suna riƙe da lokaci, ga ganguna. Sai wannan ya zauna daram kafin masu busa su faɗo gaba ɗaya kamar badujala, sannan a ba kowane mabushi fili ya yi nasa, shi ma Fela ya taɓa fiyano ko saksofon. Bayan duk wannan ne yake buɗe baki, 'yan amshi mata su karɓa.

Kunnen da ya saba da Shata ba baƙo ba ne a nan. Ka san jagora da 'yan amshi, ka san amshi ɗaya da ake ta juyawa har ya zauna a ƙwaƙwalwa, ka san habaici da zambo, kuma ka san cewa waƙa mai tsawo ba a jin ta a tsaitsaye. Bambancin shi ne a wurin makaɗan Hausa magana ce gaba, kalangu yana biye da ita yana yi mata rakiya, a wurin Fela kuwa kiɗan ake fara shimfiɗawa, sai jiki ya riga ya amsa sannan a zuba maganar a kai. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka guji tarin waƙoƙin da aka daddatse don su shiga faifai ɗaya, ka nemi kowace waƙa da cikakken tsawonta, ka kuma ji ta da lasifika ko abin sawa a kunne mai kyau, domin bakin waya ba ya fitar da ƙasan kiɗan, alhali a can ne rabin aikin yake.

Faifan da nake ba kowa ya fara da shi shi ne Expensive Shit na 1975, kuma ba don waƙar da ta ba shi suna ba, sai don wadda take bayansa, Water No Get Enemy. Tsawonta kusan minti goma sha ɗaya ne, ba zagi a cikinta, ba sunan kowa. Masu busa ne suke buɗe ta da wani salo mai daɗi wanda in ka ji sau biyu za ka kama kanka kana rera shi, sannan fiyano ya shigo a hankali. Maganar cikinta daga karin maganar Yarabawa aka ɗauko ta, cewa ruwa ba shi da abokin gaba: da shi ake wanka, da shi ake miya, da shi ake sanyaya kai in ya yi zafi, kuma ko ruwa ne ya ci ɗanka, da ruwan dai za ka yi hidimarsa. Bahaushe zai ji wannan a jikinsa ba sai an yi masa sharhi ba. In wannan waƙar ba ta kama ka ba bayan ji uku, to ka huta da sayen littattafan. Ita kuwa waƙar fuskar farko labari ne na gaske: a 1974 'yan sanda sun zo kama shi da tabar wiwi, wadda ya ce su ne suka zo da abarsu, ya fizge ya haɗiye, aka tsare shi a Alagbon, ofishin binciken 'yan sanda a Legas, ana jiran ta fito ta ɗaya hanyar don a kai ɗakin gwaji, 'yan uwansa tsararru suka taimaka masa aka ba hukuma abin da ba komai a ciki. Daga sunan da tsararru suke kiran wani ɗakin wannan wurin ne ya samo Kalakuta, sunan da ya laƙaba wa gidansa. Sai dai in yi maka gargaɗi tun yanzu, tunda a cikin ɗalibai kake: hoton bangon wannan faifai, da na Shakara na 1972, akwai mata ba riga, don haka ka san inda za ka buɗe su.

Daga nan ka koma baya kaɗan zuwa Gentleman na 1973. Wannan faifai yana da tarihi a sana'ar Fela, domin a lokacin ne babban mabushinsa Igo Chico ya bar ƙungiyar, Fela kuma ya ɗauki saksofon ya koya da kansa maimakon ya nemo wani, kuma busar da ta buɗe waƙar tasa ce. Masana busa suna cewa bai taɓa kai wa gwanayen saksofon ba, ni ma ra'ayina ke nan, amma yana da wata murya mai kaushi a busa wadda ba a rikita ta da ta kowa. Waƙar zambo ce ga ɗan boko da yake ɗaure wuya da kwat da safa cikin zafin Legas har ya jiƙe da gumi don kada a ce bai waye ba. Bayanta sai Confusion na 1975, waƙa ɗaya mai kusan minti ashirin da biyar, wadda take farawa da wani sa-in-sa tsakanin fiyanon Fela da gangunan makaɗinsa Tony Allen, ba tsari ba ƙa'ida, kafin kiɗan ya daidaita. Da gangan aka yi haka, domin waƙar tana siffanta mahaɗar Ojuelegba ce a Legas, inda motoci suke shigowa ta kowace kusurwa ba ɗan sanda a tsakiya, ya mai da wannan mahaɗa misalin ƙasar baki ɗaya. Kada ka fara da ita, amma in ka iso gare ta bayan biyun farko za ka ji dalilin da ya sa mutane da yawa suke ɗaukar ta a kan ƙololuwar Africa 70, ƙungiyar makaɗan Fela ta wancan zamani.

A daidai nan ne ya kamata ka buɗe littafi, kuma in kuɗinka na littafi ɗaya ne, ka sayi na Michael Veal, Fela: The Life and Times of an African Musical Icon, wanda ya fito a 2000. Veal malamin nazarin kiɗa ne a Jami'ar Yale ta Amurka, kuma shi kansa makaɗi ne, wannan ne ya bambanta littafinsa da saura. Yawancin masu rubutu a kan Fela suna ba da labarin duka da kamu da mata, in sun zo kan kiɗa sai su ce yana da daɗi su wuce. Veal yana tsayawa ya nuna maka daga ina kowane abu ya fito: abin da Fela ya ɗauka daga kiɗan hailaif na Gana da Legas, abin da ya ɗauka daga jaz lokacin da yake karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan daga 1958, da yadda guguwar kiɗan James Brown, wadda Geraldo Pino ɗan Saliyo ya shigo da ita Legas da kayan sauti masu tsada, ta kusa kashe masa kasuwa har ta tilasta masa neman salon kansa. Yana kuma bin tarihin gidan da Fela ya fito, wanda in ba ka san shi ba ba za ka gane taurin kansa ba. An haife shi a Abeokuta ranar 15 ga Oktoba 1938. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci ne, shugaban makaranta, kuma shugaban farko na ƙungiyar malaman Najeriya. Mahaifiyarsa Funmilayo ita ce ta jagoranci matan Abeokuta a boren haraji da ya sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Littafin yana da nauyi, Turancinsa na jami'a ne, kuma wasu shafukan sai ka maimaita, amma yana tafiya ne shekara bayan shekara, don haka za ka iya karanta babi ka tsaya ka ji faya-fayan wannan zamanin, sannan ka ci gaba. Haka nake so ka yi da shi.

Littafin da ya fi shahara kuwa, wanda kuma ya fi sauƙin samu a Najeriya tunda kamfanin Cassava Republic na Abuja ya sake buga shi, shi ne na Carlos Moore, Fela: This Bitch of a Life, wanda ya fara fitowa a 1982. Moore ɗan asalin Kyuba ne, abokin Fela, ya yi ta hira da shi yana naɗa, sannan ya tsara littafin da bakin Fela kansa, kamar shi ne yake ba ka labari. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wannan littafi ya tabbatar da haka, domin ba ka ajiye shi sai ka gama. Amma ka karanta shi yadda kake jin Bakandamiyar Shata. Ba wanda yake zuwa Bakandamiya neman shaidar kotu, ana zuwa ne a ji yadda mutum yake ganin kansa, da irin girman da yake ɗora wa kansa. A littafin Moore Fela ne mai gaskiya a kowace rigima, kuma akwai wuraren da yake maganar aljanu da ruhin mahaifiyarsa da wani bokansa ɗan Gana, waɗanda suke nuna halin da ya shiga bayan 1978 fiye da yadda suke nuna abin da ya faru. Abin da ya fi daraja a littafin, a ganina, shi ne hirarrakin da Moore ya yi da matan Fela ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san cewa ya auri mata 27 a rana ɗaya a 1978, mafi yawansu 'yan amshinsa da masu rawarsa, amma a nan ne kawai za ka ji su da bakinsu, daga ina suka fito, me ya kawo su, da abin da soja suka yi musu.

Wannan ya kawo mu kan Zombie na 1976, faifan da ya raba rayuwar Fela gida biyu. Waƙar tana da sauri fiye da yawancin nasa, jitar da ta buɗe ta tana tafiya kamar ana kora ta, kuma zambo ce tsagwaronta ga soja, cewa gawa ce mai tafiya wadda ba ta motsi sai an ce motsa, ba ta tunani sai an ce yi tunani. Can wajen ƙarshe sai ya koma ba da umarnin fareti, 'yan amshi suna karɓawa da kalma ɗaya, har busa ta kwaikwayi begilar bariki. Ka tuna cewa mulkin soja ake yi, Janar Obasanjo ne shugaban ƙasa, kuma yaran unguwa sun mai da kalmar abin tsokanar duk sojan da suka gani. A farkon 1977 aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Legas, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, Fela ya ƙaurace wa bikin ya yi ta wasa a gidan rawarsa da ake kira Shrine, manyan baƙi daga ƙasashen waje suna tururuwa can. Kwanaki kaɗan da rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu 1977, soja kusan dubu suka kewaye Kalakuta, suka yi wa mutanen gidan dukan kawo wuƙa, suka ci zarafin mata, suka jefo mahaifiyarsa daga tagar bene, suka cinna wa gidan wuta. Funmilayo ba ta warke ba har ta rasu a watan Afrilun 1978. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce sojan da ba a san ko wane ne ba ne ya yi aikin.

Faya-fayai uku ne suka fito daga wannan masifa, kuma ina so ka ji su a jere: Sorrow Tears and Blood na 1977, Unknown Soldier na 1979, da Coffin for Head of State na 1981. Za ka ji kiɗan ya rage gudu, barkwancin ya ragu, muryar ta yi nauyi. A Unknown Soldier yana ba da labarin ranar dalla-dalla kamar mai ba da shaida, kuma in ya zo kan mahaifiyarsa muryarsa tana rawa yadda ba za a iya ƙirƙira ba. Na ukun yana ba da labarin yadda shi da mutanensa suka ɗauki akwatin gawa suka kai ƙofar barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, a 1979, gab da soja su miƙa mulki. A nan dole in faɗa maka gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan waƙar, da kuma Shuffering and Shmiling ta 1978, Fela ya yi wa Musulunci da Kiristanci ba'a tare, yana kwaikwayon addu'o'in ɓangarorin biyu, yana cewa addinan baƙi ne da shugabanni suke amfani da su su kwantar da talaka, kuma a Coffin for Head of State ya ambaci Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa da suna ya siffanta su da abin da ba shi da daɗin ji. Musulmi da yawa ba za su iya jin waɗannan wurare ba, kuma ban ga laifin wanda ya tsallake su ba. Na faɗa ne don kada wani ya gaya maka cewa Fela ɗan gwagwarmayar talakawa ne kawai, ka je ka ci karo da abin da ba ka shirya masa ba a gaban ɗalibai.

Akwai ɗan ƙaramin littafi da ya dace da wannan zango, Fela: Kalakuta Notes na John Collins, Baturen Ingila da ya zauna a Gana shekaru masu yawa yana kiɗa yana koyarwa a Jami'ar Legon. Collins ya zauna a cikin jama'ar Fela a farkon 1977 saboda ya fito a wani fim da Fela yake shiryawa a kan rayuwarsa, fim ɗin da gobarar Kalakuta ta cinye sautinsa bai taɓa fitowa ba, kuma ya riƙa rubuta abin da yake gani kullum. Amfaninsa shi ne yana nuna maka gidan daga ciki makonni kaɗan kafin a ƙone shi, da yadda Fela yake mulkin mutanensa kamar ƙaramin sarki, da hukunci da tara da fada.

Littafin da nake ƙauna fiye da duka, ko da yake ba shi nake cewa a fara da shi ba, shi ne tarihin rayuwar Tony Allen, wanda ya rubuta tare da Michael Veal ɗin nan, ya fito a 2013. Allen shi ne makaɗin gangunan Fela daga 1964 har zuwa bayan wasan da suka yi a Berlin a 1978, kuma shi ne shugaban makaɗan Africa 70. Duk wanda ya san harkar makaɗa a ƙasar Hausa ya san tsohuwar ƙorafin nan, cewa sunan na mai waƙa ne, kyautar ma hannunsa take shiga, masu kalangu da 'yan amshi kuwa sai abin da aka yaga musu. Littafin Allen wannan ƙorafin ne daga bakin wanda ya isa ya yi shi. Yana ba da labarin rigingimun kuɗi, da yadda gidan ya cika da 'yan kanzagi masu ci ba aiki, da yadda makaɗa suka watse bayan Berlin saboda sun ji Fela zai zuba kuɗin a neman shugabancin ƙasa. Amma ba littafin ƙiyayya ba ne, yana girmama basirar Fela, kuma yana bayyana sana'arsa yadda ko wanda bai taɓa riƙe sandar kiɗa ba zai gane. Ya faɗi yadda ya lura cewa makaɗan Legas ba sa amfani da faranti biyun nan da ake takawa da ƙafar hagu, yadda ya koyi sarrafa su daga nazarin makaɗan jaz irin su Max Roach da Art Blakey, da yadda yake sa gaɓoɓinsa huɗu kowanne ya yi nasa kiɗan dabam. Fela yakan tsara wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa, ban da Allen. Bayan ka karanta wannan, ka koma ka sake jin Confusion da Zombie kana bin ganguna kawai, za ka ji kamar sabbin waƙoƙi ne. Sannan ka nemi faifan Allen na kansa, No Accommodation for Lagos na 1979. Ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilu 2020.

Na Tejumola Olaniyan, Arrest the Music!, na 2004, shi ne na ƙarshe da za ka karanta, domin alƙalanci ne, kuma ba a alƙalanci sai an ji ɓangarori. Olaniyan Bayarabe ne, ya san harshen da garin, kuma bai ji tsoron nuna inda Fela yake tufka da warwara ba: mai kiran a koma al'adun Afirka da kayan kiɗan Turawa, mai yaƙi da danniya wanda yake mulkin gidansa da hannun ƙarfe, ɗan babbar 'yar gwagwarmayar mata wanda ya yi waƙoƙi irin su Lady yana yi wa mace mai neman daidaito ba'a. Ya kuma tsaya a kan zanen bangon faya-fayan, waɗanda Lemi Ghariokwu ya yi da yawa daga cikinsu tun daga Alagbon Close na 1974, zane mai cike da mutane da rubuce-rubuce kamar shafin barkwancin jarida. Wanda yake jin waƙoƙin a waya yau ya yi asarar wannan, domin a da mutum yakan zauna da bangon a hannu yana karantawa faifan yana juyawa. In kana son muryar wanda ya san Fela tun kafin ya zama Fela, akwai Dis Fela Sef! na Benson Idonije, ma'aikacin rediyo wanda ya zama manajansa na farko a shekarun 1960. Wannan zai burge ɗalibanka, domin Idonije shi ne kakan Burna Boy na wajen uwa.

Zangon ƙarshe, na ƙungiyarsa ta Egypt 80 wadda ta biyo bayan Africa 70, mutane da yawa suna raina shi, ni kuwa ina ganin kuskure ne. Ƙungiyar ta ƙara girma, busa ta ƙara kauri, waƙoƙin sun ƙara tsawo da sanyi, shi kansa ya daina son a kira kiɗansa da sunan da ya shahara da shi, wato Afrobeat, ya ce kiɗan Afirka ne na ƙasaita. A watan Satumban 1984, zamanin mulkin Janar Buhari, an kama shi a filin jirgin saman Legas bisa zargin fita da kuɗin waje, aka yanke masa shekara biyar, aka yi ta yawo da shi gidajen yari har da na Maiduguri, kafin gwamnatin Janar Babangida ta sake shi a watan Afrilun 1986. Beasts of No Nation na 1989 shi ne amsarsa, inda ya taɓo zaman kurkukun, da shirin yaƙi da rashin ɗa'a, da Majalisar Ɗinkin Duniya, da Thatcher ta Birtaniya da Reagan na Amurka da Botha na Afirka ta Kudu waɗanda aka zana a bangon da ƙahoni. Faifan Army Arrangement na 1985 kuwa ka lura da wanda za ka ɗauka, domin akwai wanda wani mai haɗa sauti a Amurka ya sake yi wa kwaskwarima Fela yana tsare, wanda Fela ya ƙi jininsa, akwai kuma na asali, shi za ka nema. Faya-fayan farko, wato na ƙungiyarsa ta farko, Koola Lobitos, da wanda aka naɗa a Los Angeles a 1969, lokacin da wata Ba'amurkiya, Sandra Smith, ta haɗa shi da littattafan Malcolm X da tunanin baƙar fatar Amurka, ka bar su sai ƙarshe, in ka riga ka san inda tafiyar ta kai sannan za su yi maka ma'ana. Ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, kuma wansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, shi ne ya fito ya shaida wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce, cutar da Fela ya yi ta musanta samuwarta.

Game da ɗalibanka, ka gaya musu cewa abin da suke ji yau da abin da Fela ya yi suna ne kawai ya kusa zama ɗaya, nasu Afrobeats, nasa Afrobeat. Nasu waƙa ce ta minti uku da ake haɗawa a kwamfuta, nasa kuwa mutum ashirin ne ko fiye a kan dandamali, kowa da abin kiɗansa. Masu riƙe da salon na asali su ne 'ya'yansa, Femi da tasa ƙungiyar, da Seun wanda ya gaji Egypt 80. In kana so su ga mutumin da idonsu, akwai fim ɗin Music Is the Weapon na 1982, wanda aka ɗauka a Legas yana raye, amma ka fara kallonsa kai kaɗai, domin akwai hayaƙi da shigar da ba ta dace da aji ba. Waƙar da za ka iya kunna musu kuwa, bayan Water No Get Enemy, ita ce Teacher Don't Teach Me Nonsense ta 1986, wadda mai haɗa sauti Wally Badarou ya naɗa da sauti mai tsabta fiye da yawancin faya-fayansa. Tana farawa ne da tambayar wane ne malamin yaro, daga iyaye zuwa makaranta zuwa jami'a, sannan ta tambayi wane ne malamin gwamnati, ta ƙare a kan dimokuraɗiyyar da Turawa suka koyar da yadda aka yi zaɓen 1983. Ɗan shugaban makaranta ne ya yi ta, wanda ya sha bulala a hannun mahaifinsa. Sai dai ka shirya, domin daga ranar da suka ji sunan waƙar, duk lokacin da ka ba su aikin gida mai yawa za ka ji wani yana rera amshin daga bayan aji.